Dabarun wasan cike gurbin kalmomi

Da muka zauna da masu sha'awar wasan cike gurbin kalmomi na jaridar New York Times, wanda ake rubuta amsoshin tambayoyi harafi-harafi a cikin akwatuna, wasu a kwance wasu a tsaye suna ratsa juna, bakinsu ya zo ɗaya: sabon shiga ya fara da na Litinin, don shi ne mafi sauƙi, na Asabar kuwa sai gwanaye. Sun ce a riƙe fensir, a soma da gajerun amsoshi, haruffansu za su haska dogayen, inda jigon ranar yake ɓoye. In tambayar ta ƙare da alamar tambaya, to akwai wasa da ma'ana, kada a ɗauke ta kai tsaye. Ni dai tarihinsa ya fi burge ni: wani ɗan jarida, Arthur Wynne, ya fitar da na farko a 1913 a wata jarida daban, amma New York Times ba ta soma bugawa ba sai 1942.