Takardun kuɗi masu ruwan zinare: akwai zinare a cikinsu kuwa?

Mai shago, Aboabo

Assalamu alaikum. Wani yaro yana yawo da su tsakanin Kejetia da Alabar a nan Kumasi: takardar dala 100 ta Amurka, Yuro 500, da ta Zimbabwe mai tiriliyan 100, duka launin zinare, kowace a cikin ledarta. An buga "24K 999.9" a jiki, wato alamar zinare zalla, har da 'yar takardar shaida. Yana neman sidi 250 a kan kowace, in mutum zai ɗauki goma ya rage. Ya ce ajiya ce, kuma maƙera suna saye. Masana, ta yaya zan gane ko akwai zinare a ciki, kuma nawa ya kamata a biya?

Maƙerin zinare, Asawase

Wa alaikumus salam, Alhaji. Fara da sikeli, irin ƙaramin nan mai nuna giram da ɗigo biyu. Cire takardar daga leda ka ɗora.

Takardar dala tsawonta milimita 156, faɗinta 66, fuskarta kusan santimita murabba'i 103 ke nan. Kowane santimita kubik na zinare nauyinsa giram 19.3. Da a ce takardar zinare ce zalla, ko da kaurinta bai wuce na takardar kuɗi ba, wato milimita 0.1, nauyinta zai kai giram 20. In kaurin ya kai 0.2, giram 40. Ita kuwa robar da ake yinsu da ita, irin ta kwalbar ruwan sha, a kaurin 0.2 ba ta kai giram 3 ba. In sikeli ya nuna maka giram ɗaya zuwa uku, roba ce ke hannunka, saura a bincika abin da aka shafa mata.

Shafin iri biyu ne. Mafi yawa alminiyom ake fesawa a kan robar, sannan a bi shi da fenti mai ruwan ɗorawa. Wannan babu zinare ko ƙwaya. Na biyun zinare ne na gaske, amma siriri ƙwarai. Mu ɗauka an yi wa takardar adalci an shafa mata kaurin ganyen zinare, kusan maikiron 0.1, wato milimita ɗaya a raba gida dubu goma. Lissafin zai ba ka miligiram 20 a fuska guda, kashi ɗaya cikin hamsin na giram. Tambayi farashin giram na yau ka raba da 50, iyakar abin da za a samu ke nan a kowace fuska, kuma galibi shafin bai kai haka ba.

Kafin ka biya, ka ce ya ba ka ɗaya a gwada. Jiƙa auduga da ruwan goge farce na mata, ka goga a gefe. In ruwan ɗorawan ya biyo audugar, ƙasa ta fito fara kamar cikin ledar biskit, alminiyom ne. In bai fita ba, wataƙila an lulluɓe saman da wata leda, sai ka kankare da reza ka sake gogawa. Daga nan yanki ɗan ƙarami a kusurwa, ka jefa a ruwan soda irin ta masu sabulu. Soda tana cinye alminiyom, za ka ga kumfa, ƙyallin ya ɓace, ba ta kuwa taɓa zinare. Sa safar hannu, a waje za ka yi, kada ta fantsama maka a ido. Na ƙarshe, riƙe wani yankin da hantsaki ka kai shi bakin wuta. Roba za ta nannaɗe, ta narke, ta yi wari.

Kada ka ɓata lokaci da maganaɗisu, ba ya kama roba, ba ya kama alminiyom, ba ya kama zinare. Asid ɗin gwaji ma yana iya yaudararka, domin ledar saman tana hana shi isa ga ƙarfen, kuma alminiyom yana jure wa asid ɗin naitirik mai ƙarfi.

Batun cewa muna saye, ba gaskiya ba ne. Kafin a ƙone roba a tace miligiram kaɗan, kuɗin gas da sinadari sun cinye abin.

Mai shago, Aboabo

Na gode, Malam. Amma ya nuna mini bidiyo, an ɗora wata na'ura a kai ta rubuta 99.

Mai awon ma'adinai, Obuasi

Alhaji, na'urar XRF ce, mai haska abu ta faɗi irin ƙarfen da ke jikinsa, kuma ba ƙarya ta yi ba, karatun ne ake juyawa. Idan an saita ta a kan ƙarafa masu daraja, ƙarfen da ta gani kawai take rabawa cikin ɗari. Ba ta ƙirga roba, saboda sinadaran roba ba su da nauyin da za ta iya gano su. To in ƙarfe ɗaya tak ke kan takardar, kuma zinare ne, za ta rubuta 99 ko da miligiram biyu ne. Ta gaya maka tsarkin shafin, ba ta gaya maka yawansa ba. Haka ma rubutun "999.9" da ke jiki. Tambayar da za ka yi wa yaron ita ce: giram nawa na zinare ke cikin takarda ɗaya, kuma wa ya auna? Duba takardar shaidar, za ka ga babu nauyi, babu sunan matatar zinare, babu adireshi. Wanda ya buga takardar kuɗin shi ya buga shaidar. Sannan wa ya ce wadda ke cikin bidiyon ita ce wadda ke hannunsa?

Akwai takardun da ke ɗauke da zinare na gaske kuma suna faɗin nauyinsa. Goldback, da aka fara fitarwa a jihar Utah ta Amurka a 2019, mai lamba 1 tana da kashi ɗaya cikin dubu na oza, wato miligiram 31, kuma an rubuta a jikinta. Ko ita ana sayar da ita sama da kuɗin zinaren da ke ciki sosai, kuma a Kumasi da wuya ka sami mai karɓarta.

In ajiya kake so, Bankin Ghana ya fito da tsabar zinare a 2024, oza ɗaya, rabi da kwata, ana saye ta bankuna. Ko ka sayi sarƙa ko zobe a wajen maƙerin da zai auna a gabanka, ya kuma yarda zai sake saye.

Ɗan canji, Adum

Ta ɓangarenmu magana gajera ce: babu gidan canji ko banki da zai karɓa, domin ba babban bankin wata ƙasa ne ya buga su ba. Jera guda biyar ka duba lambar jiki, yawanci lamba ɗaya ce a kan duka.

Ta Zimbabwe ce take ruɗa mutane, saboda ta gaskiyar tana da kasuwa. An fitar da takardar tiriliyan 100 a farkon 2009, kodayake 2008 aka rubuta a jikinta, kuma ita ce mafi girma da ƙasar ta taɓa bugawa. Masu tara tsoffin kuɗi suna sayenta, amma takarda ce mai ruwan shuɗi, kowace da lambarta, ba ta ƙyalli. Duk wadda ka gani da sifili fiye da 14, ƙirƙira ce. Haka dala miliyan ɗaya: Amurka ba ta taɓa buga ta ba, tun 1969 ma ta janye duk takardar da ta wuce dala 100. Masu cewa a ajiye, wata rana za a farfaɗo da kuɗin Zimbabwe a canza wa kowa, don Allah kada a saurare su.

Hajiya mai kayan ado, Kejetia

Ni ban yarda a ce ba su da amfani sam ba. Kayan ado ne, ana sa su a firam a rataye a shago, ana haɗa su cikin kyautar biki. A saye su da farashin katin gaisuwa mai kyau. Duba shafukan sari na Sin, damin goma ko ɗari ake sayarwa, ka raba kuɗin, ka ƙara na jirgi da kwastan, ka ga nawa ɗaya ta tsaya. Da wannan za ka yi ciniki, Alhaji, ba da farashin zinare ba. A zaɓi mai zane a fili, marar tabo, kuma kada a ajiye ta inda rana ke duka, fentin yana koɗewa.

Abin da nake roƙo, kada a sa su cikin sadaki ko lefe da sunan zinare, kada kuma a karɓe su jingina. In za ka sayar a shagonka, gaya wa mai saye cewa roba ce ta ado. Masu sayar da ita da hoton sidi kuwa su yi hattara, Bankin Ghana kaɗai ke da ikon buga kuɗin ƙasar nan, gara a tsaya nesa da wannan.

Maƙerin zinare, Asawase

Hajiya ta yi gaskiya. Alhaji, in yaron ya yarda a yanki kusurwar ɗaya, kawo ta da safe kafin aiki ya yi yawa, a auna a sa mata soda a gabansa. In ya ƙi, kada ka biya sidi 250.