Waɗanda suka je bikin zumar maful na Elmira, me kuka gani?

Wadda ta shirya tafiyar: Assalamu alaikum. Alhamdulillahi mun je lafiya mun dawo lafiya. Don amfanin waɗanda ba su samu zuwa ba: Elmira ƙaramin gari ne kusa da Waterloo a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, kuma tun 1965 suke wannan biki na yini guda a farkon bazara. A 2000 bikin ya shiga kundin bajinta na Guinness da mutum 66,529 a rana ɗaya. Kowa ya faɗi abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi, don mu gyara na baɗi.

Ɗalibi daga Waterloo: Wa alaikumus salam Anti, Allah ya saka da alheri. Ni dai ba a kan titi na ga bikin ba, a daji na gan shi. Wanda ya tsaya cikin gari ya ci fanke ya juya, wallahi ya bar abin a baya. Mun bi motar da ke kai mutane dajin maful, itacen nan da ganyensa ke jikin tutar Kanada. An huda gindin kowane itace an soka ɗan bututu. Wasu da bokiti a rataye, wasu an haɗa su da siririn tiyo har zuwa tanki. Na ɗanɗana ruwan da ke ɗiga: garau yake, zaƙin da ƙyar ake jin sa, don sukarin cikinsa kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai. Sai an dafa kusan lita 40 kafin a samu lita 1 ta zuma. Kuma ruwan ba ya zuba sai dare ya daskare, rana ta ɗan sake. Makonni kaɗan ne, da itacen ya fara toho shi ke nan sai wata shekara.

Baba daga Toronto: Gaskiyarka ɗana. Ɗakin dahuwar ne ya riƙe ni. Tururi ya cika shi har ba ka ganin na kusa da kai sosai, faffaɗan kwanon ƙarfe na tafarfasa, wani dattijo na tura itace a wuta yana duba kaurin zumar. Sai na tuna masu dafa ruwan rake su yi mazarƙwaila a gida: haƙurin ɗaya ne. An kuma gaya mana 'yan asalin ƙasar ne suka fara wannan aiki tun kafin zuwan Turawa, kuma na ji daɗi da ba a ɓoye hakan ba. Wanda ya ga wahalar nan ba zai ƙara cewa zumar ta yi tsada ba.

Maman yara daga Kitchener: Baba, sannu da ƙoƙari, kun sha tsayuwa. Ni jan hankali zan yi kan abinci. Rumfuna da yawa suna haɗa fanke da naman alade, wani wurin a kasko ɗaya ake soyawa. Ku tambaya kafin ku saya, suna amsawa ba tare da ɓata rai ba. Mu da guzurinmu muka je. Abin da yara suka fi so shi ne alewar da ake zuba zuma mai zafi a kan ƙanƙara, a naɗe ta a jikin tsinke. Amma keken jariri a cikin cunkoson nan wahala ce, goyo ya fi.

Wata ɗaliba: Hajiya, ƙari a kan naki: takalmin roba dole ne, dajin caɓi ne zalla. Sannan Menonayit ɗin yankin, mabiya wata ɗariƙar Kirista masu tafiya a keken doki, da yawansu ba sa son a ɗauke su hoto. Na ga baƙi suna cusa musu waya a fuska, abin ya ɓata min rai ƙwarai. Mu kiyaye.

Baba daga Toronto: Waɗanda suka sayo zumar, mai haske ta farkon lokacin tara ruwan ce, mai duhu ta ƙarshe, ta fi ƙarfin ɗanɗano. Da an buɗe a sa a firji, in ba haka ba tana yin fumfuna. Na zuba mai duhun a kunun gyaɗa, ta zauna daram.

Wadda ta shirya tafiyar: Na gode muku duka. Baɗi in Allah ya kai mu da sassafe za mu tashi, daji tukuna kafin gari, mu yi azahar a Waterloo a hanyar dawowa. Masu mota, wa zai iya ɗaukar ɗalibai?