Shin wasan kasuwa a jardan karatu ne, ko ɓata lokaci?

Uwar Yara, Garin Malam:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malamai da iyayen da suka riga ni gani. Ɗiyata mai shekara 4 ta shiga jardan, wato ajin ƙananan yara kafin firamare, bana, kuma duk ranar da na tambaye ta abin da aka koya musu, sai ta ce sun yi kasuwa, ko sun yi likita, ko kuma an sa ta zama Ƙoƙi wani yaro ya zama Gizo. Wata 3 ke nan ban ga harafi ko ɗaya a allonta ba, alhali ɗan maƙwabciyata da ke wata makarantar har ya fara rubutu. Mahaifinta yana cewa wasa ai kyauta ake yin sa a ƙofar gida. Shin in canza mata makaranta?

Tsohon Mushe, Birni:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Na daɗe ina riƙe da ajin CI, wato ajin farko na firamare, kuma yaron da ya fi ba ni wahala ba wanda ya zo bai san harafi ba ne, domin wannan aikina ne in koya masa; wanda ya fi gajiyar da ni shi ne yaron da ba ya iya jiran layi, ba ya sauraron labari har ƙarshe, kuma ba ya iya faɗin abin da ke ransa. Masanin nan na Rasha, Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, ya lura cewa idan yaro ya hau sanda ya ce doki ne, ya fara gane cewa wani abu yana iya tsayawa a madadin wani. Yaranmu da karan dawa suke yin haka. Shi kuwa karatu ba komai ba ne illa yarda cewa wannan ɗan zane a allo yana madadin sauti. Ita kanta makarantar farko da aka kira kindagatin, wadda Friedrich Froebel ya kafa a Jamus a 1840, a kan wasa da waƙa aka gina ta. Mu da muka tashi muna kallon wasan kara a Damagaram, inda samari ke kwaikwayon sarakai da manyan gwamnati, bai kamata mu raina kwaikwayo ba.

Malamar Jardan, Zango:
Mushe ya faɗi gaskiya. A ajina marfin kwalba shi ne dala, gwangwanin tumatir kuma shi ne mudu. Mai saye ta kawo marfi 10, kayan na dala 7 ne, dole mai sayarwa ta ƙirga canji, in ta yi kuskure kuwa sai rigima ta tashi, su ƙirga tare har a daidaita. Akwai yarinyar da ta yi wata guda ba ta buɗe baki ba, amma ranar da aka ɗaura mata kallabi aka ce ita ce mai ƙosai, sai ga ta tana ciniki har da ƙin sallamawa. Ta wannan hanya nake shigar musu da kalmomin Faransanci kaɗan-kaɗan.

Wani Uba, Sabon Gari:
Malama, ban musa ba, sai dai ba kowane aji ne kamar naki ba. Na taɓa zuwa ɗaukar ɗana na tarar da aji cike maƙil, yara na kokawa, mai kula da su tana latsa waya, kuma wannan ma wasa aka kira shi. Hajiya, kafin ki yanke hukunci ki je da hantsi ba tare da sanarwa ba, ki duba ko malamar tana cikin wasan tana yi wa yara tambayoyi, sannan da dare ki ce wa ɗiyar ta maimaita miki tatsuniyar da aka yi musu a aji daga farko har zuwa ƙurunƙus.