Wa ya san mai duba kwalaben kashe wuta na jirgin ruwa?

Mamman Sani: Assalamu alaikum jama'ar zaure, ina kwananku. Dan Allah shawara nake nema. Da yawanku kun san ni da ƙanena mun haɗa kuɗi mun sayi jirgin katako a Gaya mai injin Yamaha doki 40, tun da aka rufe gadar Gaya da Malanville a 2023 mutane suka koma ƙetarewa ta ruwa, ƙanen nawa yana can yana kula da shi ni ina nan Damagaram. To shekaranjiya ya kira ni murya na rawa, yaron jirgi na juye esansi daga bido cikin tanki inji bai huce ba sai wuta ta tashi a gindin jirgin, Allah ya taimaka suna bakin gaɓa babu fasinja ko ɗaya. Sun ɗauko estenktar, wato kwalbar kashe wuta, suka zare ƙusa suka matsa, iska kaɗan ta yi fuss, garin kashe wutar da ke ciki bai hito ba. Da yashi da jiƙaƙƙen buhu suka kashe ta. Yaron ya ƙone a hannu amma da sauƙi. Abin da ya hana ni barci shi ne kwalbar nan da etiket, takardar shaida da ake mannawa, a jikinta wai an duba ta bana. Wa ya san mutum mai amana da ya iya aikin nan, ko nan ko Dosso ko Yamai?

Hajiya Zara: Innalillahi. Sannu Mamman, Allah ya tsare gaba, Allah ya ba yaron lahiya. A kai shi likita fa ko da ya ce da sauƙi, ƙuna ba a raina ta.

Mamman Sani: Amin Hajiya na gode, an kai shi tun ranar, an ɗaure hannun.

Kawu Laouali: Ɗana sannu da wannan abu. Ni shekara da shekaru ina jan sitan, motar dakon mai, ina lodi a matatar mai ta SORAZ tun farkon buɗe ta a 2011, kuma direban sitan da kwalbar nan yake kwana yake tashi, shi ya sa zan gaya maka abin da nake zato. Garin ne ya daskare. Kwalba mai gari in tana zaune wuri guda inji na girgiza ta kullum, garin yana kwanciya a ƙasa ya danne kamar tuwon jiya, in kuma laima ta samu hanyar shiga to ya zama dutse, ka matsa iska ta hita ta bar shi. Mu a mota duk wata muke kife ta mu kara a kunne, in garin yana da rai za ka ji yana zubowa shuuu kamar rairayi, in ka ji shiru ko ka ji abu ya faɗo dum gaba ɗaya to akwai magana. Wanda ya manna muku etiket ɗin nan ina jin ko ɗaga ta bai yi ba.

Ibro Zango: Gaskiya Kawu ya faɗa. Ni shawarata Yaya Sani, kada ka nemi mai duba a kasuwa, ka je gidan mai babba wanda ka yarda da shi ka tambayi jeran, wato mai kula da wurin, wa ke duba musu nasu, su ba sa wasa da abin nan don dukiyarsu ce a kai. Ka duba etiket ɗin da ke jikin nasu, sunan kamfanin da nimero suna nan.

Mamman Sani: Ai Ibro etiket ɗin ne ya cuce mu.

Ibro Zango: Haka ne, shi ya sa na ce ka yi magana da jeran ɗin baki da baki, ka tambaye shi suna buɗewa a gabansa ko ɗauka suke su dawo da ita. In ya ce a gabansa ake yi to ka kama wannan.

Malam Habou: Salam. Ni na yi aikin tsaro a wani sito kusan shekara tara, ni nake tsayawa kan masu dubawa in sun zo. Bari in ƙara kan na Kawu. Kwalaben iri-iri ne. Akwai mai agogo a wuya, ita iskar tana ciki kullum, allura ta tsaya a kore, in ta sauka ja ta zube. Amma allura a kore ba ta ce komai kan garin ba, iska kawai take aunawa, nan ne mutane ke ruɗuwa. Akwai kuma wadda ba ta da agogo, irin ta Faransa, ita da ƙaramar kwalba ta iska a cikinta sai ka buga ko ka matsa ta huje sannan ta yi ƙarfi, wannan dole mai duba ya kwance kan ya hiddo ƙaramar ya ɗora a sikeli, ya zuba ido ga garin, ya hura tiyo ya ga ko zanzaro bai toshe shi da laka ba, wallahi na ga wannan da idona, tiyo cike da ginin zanzaro kwalba kuma sabuwa fil. Ta CO2 kuwa, mai iska zalla babu gari, sikeli ne kaɗai ke faɗin gaskiyarta, nauyinta a rubuce yake a jiki, in ta rage fiye da kashi 10 cikin 100 sai an sake cikawa. Ƙa'idar da ake bi dubawa sau ɗaya a shekara, babban gyara a shekara 10. Duk wanda ya zo maka ba sikeli ba maɓalli sai biro da etiket a aljihu, ka ba shi ruwa ya sha ka sallame shi.

Abdou Kara-Kara: To ba gara ya sayi ta CO2 ɗin ba tun da ita ba ta daskarewa? A shagon mu na gyaran waya ita muke da ita.

Malam Habou: A shago daidai ne Abdou, ba ta ɓata kayan lantarki. Amma jirgi a buɗe yake tsakiyar kogi, iska za ta kwashe ta kahin ta yi aiki. Shi mai gari ABC ya dace da shi, A katako da tufa da buhuna, B esansi da gazwal, C gas. Ya sayi kilo 6 guda biyu, ɗaya kusa da direba amma ba a jikin tanki ba, ɗaya can gaba, don in wuta ta tashi a baya wa zai shiga cikinta ya ɗauko? Kuma kilo 6 daƙiƙa goma sha ne kawai ta ƙare, shi ya sa gindin wutar ake nufa ba harshenta ba.

Hajiya Zara: Ni ban san kan kwalba ba amma na ƙetara wurin nan sau huɗu da kaya, abin da na gani ya hi kwalba tayar min da hankali. Bidon esansi a jere ƙarƙashin benci, wani bawan Allah na zaune a kai da taba a baki, na yi magana aka ce Hajiya ai a rufe suke. Wata tahiyar kuma risho aka kunna ana dafa shayi. Mamman in jirginka ne ka hana, ko fasinja zai yi hushi ya sauka. Kun ji na Kwango a watan Afrilu 2025 kusa da Mbandaka, girki ake a cikin jirgin katako wuta ta kama, fiye da mutum 100 suka rasu, da yawa ruwa suka faɗa ba su iya iyo ba.

Kawu Laouali: Hajiya kin taɓa inda yake ciwo. Tururin esansi ya hi iska nauyi, ba sama yake yi ba, ƙasa yake kwanciya, jirgi kuwa kamar akushi yake, sai ya taru a gindi ba ka gani. Tartsatsin buji ko guntun taba ya ishe shi. Kuma a gaya wa yaran kada su sheƙa ruwa a wutar esansi, man yana hawa kan ruwan ya bi shi ya bazu ko'ina, ga kogi a gefe hannu shi zai fara kaiwa ga bokiti.

Mamman Sani: Wallahi Kawu ƙanen nawa ya ce saura kaɗan ɗayan yaron ya watsa, wani dattijo mai kwale-kwale ne ya riƙe masa hannu.

Nana Mariama: Yaya Sani ina wuni. Maigidana ya ce in gaya maka ka je wajen pompiye, ma'aikatan kashe gobara, da ƙafarka, ba ka kira 18 ba wannan na gaggawa ne, ka nemi ganin mai kula da rigakahi ka gaya masa jirgi ne, su sun san masu cikawa na kirki da na banza don su ake kira bayan abu ya ɓaci. Kuma akwai wani abokinsa tsohon pompiye da ya yi ritaya yana Dosso, shi ya duba na gidan burodinmu da ya zo ganin gida, a tsakar gida ya kwance su muna kallo, ɗaya ya ce tsatsa ta ci gindinta ba zai sa mata hannu ba ko nawa za a ba shi, sai da muka sake wata. Gaya ba nisa daga Dosso, wajen kilomita 150.

Malam Habou: To irin wannan ake nema. Mamman ka biya masa mota ya je har bakin ruwa, kada a kai masa kwalabe gida, ya ga tiyon mai da wayoyin batir da inda ake ajiye bido, ya ce a ina za a rataye su inda rana ba ta dukansu kai tsaye kuma ruwa ba ya kwanciya a gindinsu. Sannan ka sadaukar da tsohuwa guda, a hura wuta a rabin tano, wato duro, can kan tudu nesa da jirage, kowane yaro ya riƙe ya matsa da hannunsa.

Mamman Sani: Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Nana dan Allah turo min nimeron ta gefe. Gobe da sahe zan biya wajen pompiye kahin in wuce kasuwar Dole, alhamis in shiga mota in sha Allahu. Na riga na ce wa ƙanena jirgi ya zauna a ɗaure sai na iso.

Kawu Laouali: Ka biyo ta gida kahin ka tahi, ina da sikelin rataye da ba na aiki da shi, ka tahi musu da shi.

Nana Mariama: Na turo Yaya, ya ce ka kira shi bayan la'asar.