Wai me za mu kira "lytic lesion" da Hausa?

Jama'a ku taimaka, tun jiya kalmar nan ta maƙale min. Ina rubutu ne kan wata sankarar jini da ba a cika gani ba, hairy cell leukemia, wadda bata wuce kashi 2 cikin 100 na sankarar jini ba, kuma ta fi kama maza. Tun 1958 wata likita Bertha Bouroncle ta yi bayaninta a Amurka. Sunan ma sai da na sha fama, don in ka ce sankarar jini mai gashi wani sai ya ɗauka gashi ke tsirowa mutum a jiki, alhali ƙwayoyin ne in an duba su a madubin likita ake ganin wasu siraran zare sun kewaye su. Ni dai na tsaya a kan "ƙwayoyi masu geza", wannan ya wuce.

To matsalar ita ce ƙashi. Asali cutar a ɓargo take zama, ta kumbura saifa, har in an sa allura za a zuƙo ɓargon sau da yawa ba abin da ke fitowa don ya yi tauri. Amma jefi-jefi takan taɓa ƙashin kansa, ta cinye wani wuri ta ciki, musamman kan ƙashin cinya inda yake shiga kwatangwalo, mutum ya dinga kukan ciwo a wajen. Wannan wurin da aka cinye shi ne lytic lesion ɗin.

Wani ya ce a ce zaizayar ƙashi. Ban yarda ba gaskiya, zaizaya ai daga sama take ci a hankali, kuma ta fi dacewa da raunin ƙashi irin na tsufa wanda ke taɓa ƙashi ko'ina. Wata 'yar'uwa ta ce ramin ƙashi, to shi rami yana da baki a waje, nan kuwa sau da yawa bayan ƙashin lafiya lau ciki ne ya tafi. Cin gara ya burge ni matuƙa don hoton ya fito daram, sai dai ka faɗa wa mara lafiya haka wallahi sai ya ɗauka ƙwaro ne ya shige shi.

Abin da ya kai ni ga kalmar shi ne yadda ake gano abin. Hoton ƙashi na eksire baya nuna komai sai ƙashin ya rasa kamar kashi 30 zuwa 50 cikin 100 a wurin, wato ɓarna ta yi nisa kenan. Shi kuwa MRI, hoton maganaɗisu in ji masu son Hausa zalla, ɓargon yake kallo, ɓargon babban mutum kitse ne da yawa don haka yana fitowa fari a wani nau'in hoton, inda ƙwayoyin suka mamaye sai ya yi duhu tun kafin ƙashi ya lalace. Kenan daga ciki ake ci, kamar yadda ake rarake ƙwarya ko turmi.

Don haka na ce rarakewar ƙashi, wurin kuma rarakakken wuri. In likita ya ce hoton ya nuna ƙashin cinyarka ya rarake a wuri ɗaya, ko kaka ta gane. Wanda ya ce zaizaya ma ya sauko, ya ce a bar masa tasa a tsufa kawai.