Abin da aka tattara kan tsufantar da agogo da gangan

Hirar da aka yi da masu gyaran agogo na babbar kasuwar Maradi ta fi tsayawa kan masu ɗaukar sabuwar fuskar agogo ko allurai (hannayen da ke nuna lokaci) su jiƙa a ruwan shayi ko kofi, wasu ma har su gasa a wuta kaɗan kaɗan, don farin ya koma ruwan ƙasa kamar ya shekara hamsin. Kusan kowa ya yarda in agogonka ne kana son allurar da ka canza ta dace da tsohuwar fuska ba laifi, matsalar ita ce ka sayar ka yi shiru, wannan ha'inci ne kawai.

Shawarar da ta fi amfani ita ce a duba maganin da ake shafa wa lambobi da allurai don su yi haske cikin duhu. Agogunan Suwis da aka rubuta T SWISS T a ƙasan fuskarsu wani sinadari mai suna tiritiyom aka sa musu, shi kuwa rabin ƙarfinsa na tafiya duk bayan shekara 12 da ɗoriya, to agogon 1970 bai kamata ya kwana yana walƙiya ba, in ka haska masa tocila ya daɗe yana haske wallahi an taɓa shi. Sannan tsufan gaskiya ba ya zuwa daidai wa daida, in lambobi da allurai duk launinsu ɗaya tas, a yi hattara.

Maganin hasken agogunan kafin 1960 kuma yawanci sinadarin radiyom ne, ƙurarsa guba ce, kar a kankare shi a gida.

Masu son agogon Seiko 5 an ce su karanta lambar bayan murfi, ta farko lambar ƙarshe ce ta shekarar da aka ƙera shi, ta biyu wata, kuma mai sayarwa ya buɗe inji a gabanka kafin ka ƙirga masa jikkunanka.