Budurwar da ke bayan takardar lei 10 ta Romaniya

Hadiza: Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatun likitanci a Romaniya ya yi mini tsarabar takardar kuɗinsu ta lei 10, kuma tun ranar da ta shigo hannuna nake yawan duban budurwar da aka zana a bayanta, ɗauke da mazubin ruwa a kafaɗa maimakon a kai. Ina roƙon wanda ya sani ya faɗa mini wanda ya zana ta, da dalilin da ya sa aka ga ta cancanci shiga kuɗin ƙasa.

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Sunan zanen Rodica, kuma aikin Nicolae Grigorescu ne, mutumin da fuskarsa ke gaban takardar. An haife shi a 1838, ya rasu a 1907 a garin Campina. Da zanen hotunan addini ya fara tun yana yaro, har ya ƙawata bangon majami'ar Agapia, sannan a 1861 ya tafi Paris, inda ya haɗu da masu zane na ƙauyen Barbizon, waɗanda suka bar zaman ɗaki suka fita fili suna zana abin da ido ya gani cikin hasken rana. Da ya koma gida sai ya mai da hankalinsa kan makiyaya da amalanken shanu da 'yan matan karkara, shi ya sa mutanen ƙasar suke ganin asalinsu a cikin ayyukansa.

Hajiya Binta: Ruwan da ta ɗauko shi ne ya fi taɓa mini zuciya. Rodica sunan yarinyar da ke cikin wata rubutacciyar waƙa ce ta Vasile Alecsandri, marubucin waƙoƙi ɗan Romaniya, inda take wucewa da ruwan sanyi ta gefen samari masu shuka, su kuwa suna yi mata fatan alheri, domin a al'adar karkarar Romaniya haɗuwa da mai ɗauke da cikakken mazubi alamar sa'a ce. Saboda haka ba kyawunta kaɗai aka duba ba. Albarkar gona ce take tafe da ita.

Malam Sani: Gaskiya ne, Hajiya. Sai dai zan shawarci Malama Hadiza kada ta tsaya ga takardar, domin ƙanƙantarta ta ɓoye hannun mai zanen. Ki nemi manyan hotunan 'yan matan da ya zana, ki lura da yadda yake tsayawa ya kyautata fuska da idanu, amma farar riga da ɗankwali sai ya shafa su da 'yan bugun burushi kaɗan, waɗanda ba su zama yadi sai mutum ya ɗan ja da baya. Da yawa daga cikin ayyukansa suna Gidan Adana Zane-zane na Ƙasa da ke Bukarest, a tsohuwar fadar sarki.

Hadiza: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan sa ƙanena ya je fadar idan sun sami hutu, ya tsaya gaban ɗaya daga cikinsu, kusa da kuma nesa, ya ba ni labari.